Shekara Goma Sha Ɗaya a Kan Katin Inna

Mahaifiyata ta yi shekara goma sha ɗaya tana amsa sunan matacciya a asibitin gwamnati, kuma ni ce mai riƙe mata jaka. Na faɗa tun daga farko ne don kada wani ya karanta rabi ya zo yana yi mini wa'azin gaskiya da amana. Wa'azin nan na sha shi har na ƙoshi. Duk wanda bai taɓa zama a kan bencin ƙarfe tun sanyin safiya har azahar, uwarsa na rawar jiki a gefensa ba, don Allah ya yi mini shiru ya saurara.

Umma mai gyaran tufafi ce. A gidan hayar da na tashi, mai ɗakuna tara da famfo ɗaya a tsakar gida, Mai Faci kowa yake ce mata. Kekenta na ƙafa yana bakin tagarmu. Wando ya yage, zif ya mutu, wuyan riga ya cinye, duk wurinta ake kawowa, ta farke wuyan ta juya shi ya koma sabo. Ga surutu. Tana ɗinki da fil uku a baki tana ba da labari, ba ka ji kalma ɗaya ta ɓace ba. Babana kafinta ne, amma ƙofar ɗakinmu sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, kuma Umma ba ta taɓa bari ya manta da wannan ba, ko a gaban baƙi.

Tana da yaya guda ɗaya, ciki ɗaya, shekara shida tsakaninsu. Ita nake kira Inna. Inna tana zaune a ɗakin ƙarshe, can baya kusa da igiyar shanya, inda rana ba ta shiga sosai. Shara take yi a wani ofishin gwamnati, har ranar da ta faɗo daga matakala da bokiti a hannu ta karya ƙugun hagu. Tun daga nan take ɗingishi. Ba ta taɓa haihuwa ba, auren da ta yi ɗaya ne kuma bai daɗe ba. Ba ta da yawan magana, in za ta yi kuwa sai ta yi gyaran murya sau biyu tukuna, duk gidan an san ta da haka. A fuska kamar an tsaga kara ita da Umma, a hali ba abin da ya haɗa su. Ina ƙarama tsoronta nake ji, ban ɓoye ba.

To, Inna tana da abin da Umma ba ta da shi: katin magani kyauta. Kati ne ruwan ƙasa, da hoto da lamba, wanda duk mai shi zai ga likita ya karɓi magani ba a tambaye shi komai ba. Amma kafin a ba ka, sai ka kawo takardar zama a yankin, sannan a tabbatar ba ka da hanyar samu. Inna ta samu takardar zama ta dalilin aikinta. Umma kuwa aure ne ya kawo ta daga wani gari, takardar haihuwarta ruwa ya ci tun tana yarinya. Ka je neman takardar zama a ce kawo ta haihuwa. Ka je neman ta haihuwa a ce kawo ta zama. Na rantse wanda ya tsara abin nan bai taɓa ciwon kai ba a rayuwarsa.

Ina da shekara ashirin, na fara aiki a gidan burodi, Umma ta fara ramewa. Ruwa take sha kamar ana zubawa a rami, idonta ya daina ganin kafar allura. Aka gwada aka ce ciwon suga ne, irin wanda sai da allura kullum har ƙarshen rai. Wata biyu muna saye da kanmu. Baba ya sayar da injin yankan katakonsa, abin bai kai ko'ina ba. Aka koma yi mata allurar yau a tsallake gobe. Sau biyu tana faɗuwa a bakin famfo.

Ana cikin haka aka tura ni wani reshen gidan burodin na mako guda. Ina can Inna ta rasu. Da safe aka same ta zaune a bakin ƙofarta, ta jingina da bango, tsintsiya a cinya. Kafin saƙo ya iso ni har in dawo, an yi kwana uku da binne ta. Baba ya ja ni gefe ya ce ba a kai rahoton rasuwar ko'ina ba, katin Inna yana nan da ransa, kuma ranar Litinin zan raka Umma asibiti. Abin da aka faɗa mini ke nan, ni kuma na yarda. Hoton katin ya koɗe, fuskar kuma tasu ce su biyu.

Ba zan manta Litinin ɗin nan ba. Zauren jira dogo ne, fentinsa kore har kafaɗa, daga nan fari, ga warin maganin goge ƙasa. Ana miƙa kati ta wata ƙaramar taga, a zauna, sai a kira suna ta lasifika mai ƙarar tsatsa. Aka kira sunan Inna. Umma ba ta motsa ba, tana ta kallon ƙofa, ni ma wallahi sai da na waiga, don jikina ya ba ni za a ji takun ɗingishin nan yana tahowa. Aka sake kira. A na uku na mintsine ta. Ta miƙe, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ce na'am. A hanyar gida na tambaye ta me ya sa ta yi haka, ta ce ita ba ta san ta yi ba, sai ta fashe da dariya ta ce ai ka ci abincin mutum dole ka yi masa waƙa. Muka yi dariya tare. A ranar mun koma gida da allurar wata guda.

Fayil ɗin Inna mai kauri ne, an ɗaure shi da igiya. Likitan farko ya buɗe, ya duba, ya kalli Umma da ta shigo garau da ƙafafunta, ya tambaya ko ƙugun ya warke ne. Ta ce yau dai da sauƙi. Daga ranar ta gane sai ta riƙa ɗingishi. Da farko a bakin ƙofar asibiti take farawa, in mun fito ta watsar, har ta riƙa tsokanata wai in ba ta maki. Daga baya ta ce akwai ma'aikatan da ke hawa mota ɗaya da mu, gara ta fara daga tasha. Sannan daga bakin layinmu. Ban san ranar da abin ya shigo gida ba. Na dai farka wata safiya na ji ana jan ƙafa a tsakar gida, taf, shuu, taf, shuu, na leƙa na ga uwata ce za ta ɗebo ruwa, ba kowa a wajen balle a ce don wani take yi.

Ta haddace fayil ɗin kaf. Shekarunta suka ƙaru da shida. Ta san ranar da ta faɗo daga matakalar da ba ta taɓa hawa ba, ta san maganin da jikinta ba ya so. Wata rana wata likita mace ta ce ta kwanta a duba cikinta, sai ga tabon aikin da aka yi aka ciro ni, dogo, daga cibiya zuwa ƙasa. Likitar ta kalli fayil, inda aka rubuta ba ta taɓa haihuwa ba, ta kalli tabon. Ina tsaye a bakin labule da jaka. Umma ko ƙiftawa ba ta yi ba, ta ce wani ƙari ne aka cire mata tun da daɗewa a wani asibiti. Likitar ta tambaya ko ya sake dawowa. Ta ce a'a, an cire shi gaba ɗaya. A mota na ce mata to sannu, ga ƙarin nan yana biya miki kuɗin mota. Na zaci za ta yi dariya. Ta kalli taga kawai har muka sauka.

Amma ba asibiti ne ya cinye ta ba, mai duba gida ne. Tsarinsu shi ne, duk mai katin kyauta, ana turo ma'aikaci ba sanarwa ya ga ko da gaske yana zaune a inda ya rubuta, kuma ko da gaske ba shi da abin yi. Namu wani dogo ne siriri, da fayil a hammata, takalminsa ba ya ƙara. Ba ya zama, ba ya karɓar ruwa, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Tsakar rana yake zuwa, lokacin da gida ya yi tsit, sai dai ka ɗago ka gan shi tsaye. Ba ya yawan tambaya. Yana shiga ɗaki zai nufi risho ya ɗora bayan hannunsa a kai. In da ɗumi, akwai mai zama a ɗakin. In da sanyi, ya ja layi a takarda, bayan mako biyu kati ya mutu. Bayan-Hannu ake ce masa a gidanmu, kuma ba a faɗa da ƙarfi.

Saboda shi Baba ya ci gaba da riƙe ɗakin Inna yadda yake. Kowace safiya Umma ta je ta kunna rishon ta dafa ruwan zafi, ta yamutsa shimfiɗa, ta dawo. Sai aka ce ɗumin safe ba ya kaiwa azahar, ta koma girka abincin rana a can. Tunda ta girka a can, sai ta ci a can. Tunda ta ci, sai ta ɗan kishingiɗa. Keken ɗinki kuwa ba shi da halin bin ta, don in Bayan-Hannu ya ga keke, ta zama mai sana'a, kati ya tafi. Ko ƙararsa ya ji daga waje ya shigo ya tarar da ita a kai, magana ta ƙare. Sai ta rage ɗinkin zuwa yamma, daga baya ta ce idonta, daga baya aka lulluɓe keken da tsohon zanen gado aka ɗora masa kwanuka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin nan ya san Inna. Shekara da shekaru yana duba ta tana da rai. Zuwansa na farko bayan rasuwar ina gida. Ya shiga, ya taɓa risho, sannan ya juyo ya tsaya yana kallon Umma, kallo mai tsawo. Sai ya ɗaga hannun nan nasa ya ɗora bayansa a goshinta. Ya daɗe a haka. Ita kuma ta tsaya ƙyam, idonta a ƙasa.

"Kin rage tsawo," ya ce.

"Tsufa ne," in ji ta.

Ya yi alama a takardarsa ya fita. Har yau ban san ko tausayi ne ya sa ya ƙyale mu ba, ko kuwa shi dai ɗumi yake nema, ya samu, sauran ba aikinsa ba ne.

Maƙwabta sun sani, mana. Ba wanda ya tona, don kowa a gidan akwai abin da yake ɓoye wa wata tagar ofis. Sai dai gidan haya ba ya riƙe mutane. Mai gyaran rediyo ya tashi, matar direba ta bi mijinta, tsohuwar ɗaki na biyu ta rasu. Waɗanda suka maye gurbinsu ba su taɓa jin an ce Mai Faci ba. Sun tarar da wata tsohuwa mai ɗingishi a ɗakin baya, marar magana, suka ji sunan da ke kan kati suka kama. Baba kuwa suka ɗauke shi mutumin da matarsa ta tafi ta bar shi da 'ya. Har wata ta taɓa yi masa tayin ƙanwarta, a gaban Umma, tana tsugune tana wanke kofi. Na buɗe baki zan wanke matar nan tas, Umma ta ɗago ta yi gyaran murya sau biyu, na haɗiye maganata.

Ni fa abu ɗaya nake so a duk shekarun nan: uwata ta dawo ɗakinmu da sunanta, ta zauna a kekenta ta dame mu da surutu. Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Duk ranar hutuna a ofisoshi take ƙarewa. Na je garin da aka haife ta, aka nuna mini ɗakin da takardun shekarun suke, rufin ya zube a kansu, gara ta gama da sauran. Na yi faɗa da wani mai hatimi har aka kira mai gadi ya fitar da ni. Ina dawowa in zauna ina zazzaga wa Baba labari, shi kuma ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma, ya ce, 'yar nan, ki bar maganar nan haka. Na ɗauka gajiya ce irin ta maza. Har gori na yi masa, na ce da matar wani ce da ya tashi tsaye. Allah ya yafe mini wannan.

A shekara ta bakwai Baba ya rasu, ciwon kwana huɗu. Mutane suka cika ɗakinmu. Umma ta fito daga ɗakin baya ta zauna a bakin ƙofa, daga waje, tana miƙa wa baƙi ruwa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ni aka yi ta yi wa gaisuwa, ita ana ce mata sannu da ɗawainiya. Na ji haushinta ranar, haushi mai tsanani, har na kasa kallonta.

Bayan kamar mako uku na dawo daga aiki da wuri, wajen la'asar, kaina na ciwo. Gidan shiru. Tun daga zaure na ji wata ƙara da na shekara biyar ban ji ba. Na taka a hankali na leƙa ta tagarmu. An sauke kwanukan, an yaye zanen gadon. Umma na zaune a keke, ƙafafunta biyu a kan feda, har ta hagun, tana takawa da sauri yadda ta saba. Ba zare, ba ƙyalle, allura na ta hawa da sauka a banza. Bakinta na motsi, hira take yi, har tana ɗan murmushi tana girgiza kai irin na wadda ake ba wa amsa. Na ji ta ce, kai dai ka gyara ƙofar nan kafin ka tafi, ka ƙi. Na tsaya ina hawaye, murna da tsoro sun haɗu mini. Sai na yi kuskure na ce Umma. Keken ya tsaya. Ta juyo ta kalle ni kamar na kama ta tana sata a ɗakin mutane, ta mayar da zanen, ta jera kwanukan, ta wuce ni tana jan ƙafa. Amma na ga abin da na gani. Na san tana ciki, kuma wannan ne ya riƙe ni shekara huɗu.

A shekarun nan ciwon ya sauka ƙoda. Aka sa ta a layin wankin ƙoda, sau biyu a mako, Talata da Juma'a, duk a kan katin. In ta tsallake ɗaya fuskarta ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Likita ya faɗa mini a fili cewa kwana goma ba wanki ba za ta kai ba. Wani likitan ƙashi kuma ya auna ƙafafunta ya ce ta hagun ta fi sirancewa, tsohuwar karayar ce take taɓa ta. Karayar da ba ita ta yi ba.

Sai ga sanarwa a rediyo, ina tsaka da kwaɓa fulawa. An sauya tsari. Daga yanzu ba ruwan kowa da takardar zama, ba mai zuwa duba gida. Duk mai buƙatar magani ya zo da kansa, da mutum ɗaya da ya san shi, a ɗauki hoton yatsansa a na'ura a ba shi sabon kati da sunansa. Masu tsohon kati su ma su zo a sabunta. Na saki kwaɓin na zauna a kan buhu ina kuka, abokan aikina suka zaci mutuwa aka yi mini.

Ranar ban iya tsayawa an tashi ba. Na je gida na sauke kwanukan nan, na wanke keken na zuba masa mai, na ciro wata rigarta mai furanni da ta ɗinka wa kanta tun ina makaranta. Na same ta a ɗakin baya na faɗa mata komai, ina magana ina haɗa kalmomi. Ta saurara har na gama. Ta ce a bar abin yadda yake, katin da ke hannu yana aiki. Na ce ba za a bari ba. Ta ce akwai abin da ban sani ba. Na ce ba na son sani, shekara goma sha ɗaya ina binta da jaka ina kallo ana kiranta da sunan kabari, ya isa. Na ɗaga murya, na san na ɗaga. Ta daɗe tana kallon rishon, sannan ta miƙa hannu ta karɓi rigar. Ta yi mata yawa sosai.

Da muka isa asibitin na tarar an gyara zauren jiran, an yi fenti, an cire lasifikar nan an sa allo mai nuna lamba. A tagar wata yarinya ce mai tabarau, da fara'arta, ta gaishe da Umma da ladabi ta ce Mama a zauna. Na ce sabuwar rajista muka zo. Ta tambayi suna. Ban jira Umma ba, ni na faɗa. Na faɗi sunan uwata cikakke, da ƙarfi, a cikin asibitin nan, karo na farko. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Yarinyar ta buga, ta tambayi sunan uba da shekarar haihuwa da garin, ta buga. Sai hannunta ya tsaya. Ta sake tambayar sunan uban. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sannan ta rage murya ta ce yanzu an haɗa duk rajistocin wuri ɗaya, na asibiti da na haihuwa da na maƙabarta, kuma akwai abin da ya fito. Ta juyo mini da allon.

Takardar izinin binnewa ce, an ɗauki hotonta. Sunan Umma ne a sama, da sunan kakana, da garinsu. Ranar rasuwa, ranar da aka samu Inna a bakin ƙofa. A ƙasa shaidu biyu. Na farko sa hannun Baba ne, na san yadda yake karkata harafin farko. Na biyu dangwalen yatsa ne, an rubuta a gefensa: yayar mamaciya.

Sai a lokacin na fahimta. Ba a binne mutum sai da izini, kuma duk wata ofishin izinin yana aika sunayen matattu a rufe katunansu. Dole a ba da suna. Mai rai in ba shi da takarda ba a san da shi ba, amma matacce shaidu biyu sun ishe shi. Takarda ɗaya tak da ta rage a hannun hukuma da sunan uwata ita ce wannan.

Na juya na kalle ta. Ba ta ko kalli allon ba.

"Ni na dangwala," ta ce. "Babanki yana kuka, ya ce ba zai iya ba. Na ce ya sa hannu, yarinyarmu ba ta yi aure ba tukuna, ina so in gani."

Yarinyar tagar ta duba hagu da dama. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai tsoron kada maganar ta fashe a hannunta. Ana iya gyarawa, ta ce, amma sai a kotu. Ranar da aka shigar da ƙara za a dakatar da tsohon katin, tunda an ce mai shi ta rasu. Sabo kuma ba a ba wanda rajista ta ce ya mutu, sai alƙali ya yanke. Na tambaya wata nawa. Ta ce wanda ta sani ya fi sauri ya ɗauki wata takwas. Ranar nan kuwa Litinin ce. Gobe Talata, wankin ƙoda ƙarfe tara.

Yarinyar ta ce ita ba ta ji komai ba, abin da ta buga za ta goge. In muna so, ta sabunta tsohon katin yanzu, a ɗauki yatsan Mama a kansa, daga yau ba mai sake tambaya har abada. Sai dai akwai gurbin mai shaida, dole ta cike, kuma dole ta ji daga bakina. Ta goge allon. Ta karɓi katin ruwan ƙasan nan da ya tsufa a jakata, ta buga lambarsa, ta kama babban yatsan Umma ta ɗora a kan gilashin, na'urar ta yi ƙara ta karɓa. Sannan ta ɗago, ba ta iya haɗa ido da ni ba, ta tambaya mece ce wannan baiwar Allah a wurina.

Rigar mai furanni ta zame daga kafaɗar Umma, na gyara mata.

"Yayar mahaifiyata ce," na ce.

"Mahaifiyar taki fa? Akwai gurbin dangi na kusa."

"Ta rasu. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ta buga. Na sa hannu inda ta nuna. Katin ya fito daga na'ura da ɗuminsa, fari, da sabon hoto.

Muka fito bakin titi muna jiran mota. Rana ta take, mutane na ta wucewa da harkokinsu. Ban san ina kuka ba sai da na ji hannun Umma a bayana, tana ɗan bubbuga ni a hankali, yadda ake yi wa ɗan mutane.

"Sai haƙuri, 'yar nan," ta ce. "Uwarki mutuniyar kirki ce. Tana sonki ƙwarai, ta sha faɗa mini."